Majinyatan Cikin Waya

Shekara talatin da huɗu Sista ta yi tana aikin jinya a ɗakin mata na babban asibiti. Ranar da ta ajiye aiki kowa ya zata za ta yi kuka, har an tanadi hankici, sai ga ta a bakin ƙofa tana yi wa wata sabuwar nas faɗa a kan yadda ta shimfiɗa zanen gado. Aka ba ta agogon bango da takardar yabo, aka tafa mata, ta koma gida. Sunan ne kawai ya ƙi ajiye aiki. Mai gidan haya Sista yake ce mata, haka mai gyaran keken ɗinki da ke ƙasan benen, haka ma surukarta in ta sha'afa.

Ɗaki biyu ne da ɗan falo a hawa na biyu, kuma shekararta ashirin da ɗaya a ciki. Ta san matakalar da ta ɗan fi sauran tsawo, ta san tagar kicin ba ta rufuwa sai an ɗaga ta kaɗan an lallaɓa ta. A nan 'ya'yanta suka girma, a nan mijinta ya rasu. Ba ta son ko'ina a duniya kamar wurin nan, kuma ba ta jin kunyar faɗa. Matsalar ɗaya ce: fanshonta yana isarta ci da sha da kuɗin wuta, amma ko kusa ba ya kaiwa ga kuɗin haya.

Babban ɗanta, wanda kowa ke kira Injiniya, mutum ne da ba ya ganin matsala ya bar ta ta kwana ba siminti. Tun kafin uwar ta ajiye aiki ya gina mata ɗaki a gidansa.

"Mama, komai an gama. Fanka, labule, har ƙarfen riƙewa na sa a banɗaki."

"Ƙarfen me?"

"Na riƙewa. Saboda santsi."

"Wa ya ce maka faɗuwa nake yi? Ni da na ɗaga matan da suka ninka ka biyu daga ƙasa zuwa gado?"

Ƙarfen nan ya ɓata mata rai fiye da komai. Aka yi ta ja-in-ja har kuɗin sallamarta suka faɗo asusu bayan wata biyar, sannan aka tsaya a kan magana ɗaya. In kuɗin nan suka iya fitar mata da haya duk shekara, ta zauna abinta. In suka gaza, ta tattara ta koma gidansa, ba musu, ba kumbura fuska. Injiniya ya so a rubuta a takarda, ta yi masa kallon da ya sa ya mayar da biro aljihu.

Auta ce ta ɗauki nauyin koya mata. Ita ce ƙaramar 'yarta, tana aikin akanta a wani kamfanin dillancin kaya, kuma ita kaɗai ce a gidan ke iya gaya wa Sista ta yi kuskure ta kwana lafiya. Ta zo da la'asar, ta zauna a hannun kujera, ta sauke wa uwar manhajar zuba jari a waya.

"Sa lambar sirri guda shida, Mama. Kada ki sa ranar haihuwata."

"Wa ya ce miki na riƙe ta? Ranar nan ina bakin aiki kika taso ni, ko canjin da zan miƙa ban miƙa ba."

Auta ta raba kuɗin gida uku. Rabi ta sa a ajiyar da ake ƙullewa shekara guda, mai 'yar riba kaɗan amma tabbatacciya. Mafi yawan sauran ta zuba a asusun haɗaka, inda masana ke tara kuɗin jama'a su rarraba a kamfanoni da yawa. Ɗan abin da ya rage ta bar wa uwar ta koyi sayen hannun jari da kanta.

"Waɗancan biyun su ne hayarki, kada ki taɓa su. Wannan ƙaramin kuwa na koyo ne, in ya ɓace ba wanda zai yi kuka. Kin ga kore? Farashi ya hau. Kin ga ja? Ya sauka. Kuma don Allah kada ki riƙa leƙawa kullum, sau ɗaya a wata ya isa."

Sista ta sauke tabarau zuwa kan hanci. "Sau ɗaya a wata. Abin da aka ba ni amana."

"Ba amana ba ce, Mama, kuɗinki ne."

"Na ji," in ji Sista, da irin muryar da take amsa wa sababbin likitoci.

To, mutumin da ya saba tashi ƙarfe biyar ba takardar yabo ce za ta hana shi ba. Kafin bakwai Sista ta share gida, ta wanke kofi ɗayan da ta ɓata, ta goge agogon bango, ta zauna tana kallon rana tana hawa labule. Ba mai kiranta, ba mai nishi, ba mai neman a gyara masa matashi. Kewar aiki ta dame ta ƙwarai, irin wadda ba ta iya gaya wa 'ya'yanta ba. A irin wannan safiyar ce ta buɗe manhajar.

Abin da ta gani ya sa ta gyara zama. Kowane kamfani da sunansa, a gefensa wani siririn layi yana hawa yana sauka, sak katin awon zafi da ake ratayewa a ƙarshen gado. Ta bi jerin da yatsa. Masu kore ba ta ko tsaya a kansu ba, waɗannan sun samu sauƙi, suna zaune suna shan shayi, danginsu sun ishe su. Amma da ta zo kan wani kamfanin fenti da layinsa ya yi wata uku yana gangarowa, sai yatsan ya tsaya da kansa. A duk shekarunta ba ta taɓa shiga ɗaki ta nufi mai hira ta bar mai nishi a lungu ba, kuma ba yau za ta fara ba.

"Kai, bawan Allah," ta ce wa wayar a hankali, "tun yaushe kake haka ba wanda ya duba ka?"

Ta saya. Kafin sati ya zagayo ta kwantar da shida: mai fenti, mai sabulu, mai jiragen ruwa, mai ashana, mai gilashi, da wani mai takalman roba da ko ita ta san da wuya ya kai labari. Ta samo littafi mai bango mai ƙarfi, ta ja layuka da rula, ta ba kowa lambar gado. Sau huɗu a rana take awo, ta rubuta lokaci, ta rubuta abin da ta gani, ta sa hannu. Abin da ya fi ba ta haushi shi ne ƙarshen mako, da lambobin ke tsayawa cak ba motsi. Ta ce wa mai gyaran keken ɗinki ita ba ta taɓa ganin inda ake kulle majinyata kwana biyu a tafi hutu ba. Shi kuwa bai gane komai ba, ya dai ce Allah ya sawwaƙe.

Da a ce duka sun ci gaba da faɗuwa, da wataƙila ta farga da wuri. Mai sabulu ne ya cuce ta. A wata na biyu layinsa ya juyo, ya yi kore shar, ya miƙe tsaye. Sista ta yi murna kamar ta tashi sama. Ta sayar da shi da 'yar riba, ta rubuta "an sallame shi" a littafi, ta ja layi biyu a ƙasa, ta sauka ta sayi lemo ta sha a tsaye a bakin shago. Daga ranar ba wanda zai gaya mata ba kulawarta ce ta tashe shi ba.

Sauran biyar ɗin kuwa sai ƙara tsanani suke yi, musamman gado na huɗu, mai ashana. Kuɗin koyo sun ƙare. Sista ta duba asusun haɗaka, ta gan shi kore, ƙato, lafiyayye, ba abin da yake yi sai ƙiba a hankali. Me zai rage shi in an ɗan ɗiba? Ta ɗiba ta ƙara wa gado na huɗu, ta rubuta "an yi masa ƙarin jini". Ya ɗan motsa kwana biyu, ya sake komawa. Ta sake ɗiba. Da asusun haɗaka ya rame sai ta juya kan ajiyar da aka ƙulle. Manhajar ta gargaɗe ta cewa in ta fasa kafin lokaci za a yanke mata tara, ta tambaye ta ko ta tabbata. Ta danna e. Ta sake tambaya. Ta sake dannawa.

"Ke, ko babban likita bai taɓa tambayata sau uku ba," ta ce, ta danna na ukun da ƙarfi.

Duk lokacin da Auta ta bugo ta tambayi jari, amsar ɗaya ce: "Ana kulawa da su." Auta ta ɗauka wasa ne irin na Mama, ta yi dariya ta wuce.

Saura sati biyar a biya haya Auta ta zo wuni. Tana neman almakashi a durowar falo ta ci karo da littafin. Ta buɗe, ta karanta layi uku, ta ɗaga murya.

"Mama! Kin fara kwantar da mutane a gida? Ina kika sa su? Kin san za a iya kama ki?"

"Wane mutane?"

"Ga shi nan! Gado na uku, bai kwana da kyau ba. Gado na huɗu, an yi masa ƙarin jini sau bakwai. Jinin wa kike sa wa mutane?"

Sista ta fito daga kicin tana goge hannu, ta karɓe littafin, ta ce ba a karanta katin majinyaci ba izini. Sannan, da yake ba maƙaryaciya ba ce, ta miƙa mata wayar.

Auta ta daɗe tana kallon allon. Da farko dariya ta so ƙwace mata, ta danne, ta sake tasowa, har ta kifa kai a gwiwa kafaɗunta suna rawa. Amma da ta buɗe ajiyar da ta ƙulle da hannunta ta ga abin da ya saura, sai dariyar ta ɗauke ɗif.

"Mama, me ya sa duk masu ja kika saya? Ga masu kore nan birjik."

"Masu kore me suke buƙata a wurina?"

"Ba su ke buƙatarki ba, ke kike buƙatarsu! Ba asibiti ba ne, kasuwa ce. Kuma kuɗin da kike zubawa ba ma hannun kamfanin suke zuwa ba. Wani ne can ya gaji da kayansa, yana neman wanda zai sauke wa, sai Allah ya haɗa shi da ke."

"Mai sabulu ya tashi."

"Da kin saya da ba ki saya ba, zai tashi. Bai ma san da ke ba."

Wannan ta yi wa Sista zafi, har ta kau da kai wajen taga. Auta ta ga haka, ta sassauta murya, ta ce a sayar da su gobe-gobe a ceci abin da ya rage. Sista ta ce ita ba ta taɓa korar majinyaci don ciwonsa ya yi tsanani ba, kuma ba za ta fara da tsufanta ba. Daga ƙasa ana jin mai gyara yana gwada wani keke, ya taka ya tsaya, ya taka ya tsaya.

Can Auta ta ce, "To na ji. Amma gaya mini, a wurinku leda nawa ake ɗibar jinin mutum ɗaya?"

"Ɗaya. Sai kuma bayan wata uku, in an auna shi an ga ya isa."

"In ya ce shi ya yarda a ɗibi bakwai fa? Ɗan'uwansa ne a kwance, yana kuka yana roƙo."

"Ko zai yi birgima a ƙasa. Na kori irinsu ba adadi. Wani ƙato har zagina ya yi, na ce je ka ci abinci, ba zan mayar da gado ɗaya ya zama biyu ba."

"To wa kika ɗiba sau bakwai, Mama?"

Sista ta gyara tabarau. Ta duba littafin, ta duba falon, kujerun da ta saya ɗaya bayan ɗaya, da tagar, da ƙofar ɗakin da ta yi shekara ashirin da ɗaya tana kwana. Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta ji ba tun tana ɗalibar jinya. Ba asarar ce ta fi damunta ba, a'a, dokar da ta fi kowa tsanani a kanta ita ce ta taka, kuma a jikin wata tsohuwa mai fansho da ba ta da kowa a ɗaki sai ita.

"Kada ki gaya wa yayanki," ta ce.

Washegari da aka buɗe kasuwa ta yi wanka, ta sa tabarau, ta zauna a teburin cin abinci da littafi a gefe, Auta na kan layi daga ofis. Ta fara daga gado na ɗaya. Mai fenti ya tafi da asara, mai jiragen ruwa ma haka, mai gilashi ya kusan mayar da abin da ya ci. Mai takalman roba, wanda ta fi rainawa, shi ne ya fita da 'yar riba, har ta ce masa ashe kai ɗan halak ne. Da ta dawo kan gado na huɗu, wanda ta bari ƙarshe, sai madannin sayarwa ya ƙi dannuwa. Wani ɗan rubutu ya fito cewa an dakatar da cinikin hannun jarin kamfanin har sai abin da hali ya yi.

"Me ke nan?"

Auta ta sa ta karanto mata rubutun. "Mama, wannan sai haƙuri."

Sista ta ɗaga kai ta duba agogo, ta rubuta ƙarfe goma da minti goma sha biyu, ta sa hannu, ta rufe littafin. Shi ne ya fi cin kuɗinta, kuma abin haushi, shi ta fi jin tausayi.

Suka tattara abin da ya tsira. Auta ta ware hayar bana, ragowar ta mayar asusun haɗaka, ta ce ko da wasa aka sake taɓa shi za ta kai ƙara wurin Yaya. Ashe ma ba ta jira an taɓa ba. Auta ba ta iya riƙe magana kwana uku, tun tana yarinya haka take.

Ranar Asabar da hantsi Sista ta ji ƙugin mota a ƙofar gida. Ta leƙa ta taga ta ga motar ɗaukar kaya, da ƙarti biyu a baya suna riƙe da igiya, da Injiniya yana nuna musu bene da ɗan makulli. Ya hawo yana haki, ya gaishe ta a ladabce, ya ƙi zama.

"Mama, ba faɗa na zo yi ba. Magana muka yi, kuma kin san yadda ta kasance."

"Yaya ta kasance?"

"Auta ta gaya mini komai."

Ta ɗauko rasit daga ƙarƙashin faranti ta miƙa masa. Jiya ta biya, tun kafin lokaci, mai gidan haya har ya tambaye ta ko lafiya. Injiniya ya karanta, ya juya bayan takardar ko akwai wani abu, ya nemi ganin wayar. Ta buɗe masa. Ya yi lissafinsa a ka, leɓunansa na motsi, kamar yadda yake yi tun yana firamare.

"Wannan ba riba ba ce, Mama. Uwar kuɗin kika ci. Abin da ya rage, ko me zai haifa, ba zai biya ta baɗi ba."

"Na sani. Na iya lissafi."

"To shekara ɗaya ce fa kawai. Shekara ɗaya tak, sannan mu dawo nan da motar nan."

Ya faɗe ta da tausayi, ba da gatse ba, kuma ta ga idonsa ya yi ja. Ta san tsoro ne ke cinsa, tsoron a bugo masa waya wata rana a ce an same ta a ƙasa ita kaɗai. Ta so ta rungume shi, amma ba su saba ba, sai ta gyara masa wuyan riga da ya lanƙwashe.

"Shekara ɗaya," ta ce. "Kai yaro ne. Ka san mata nawa na riƙe wa hannu suna roƙon likita wata ɗaya, a bar su su koma ɗakinsu su ga rana ta shigo ta tagarsu, ba su samu ba? Ni an ba ni wata goma sha biyu, a ɗakina, da ƙafata. Baɗi in muna da rai ka zo da motarka, zan sauko da kaina, ba sai an ɗauko ni ba."

Injiniya ya ninke rasit ɗin ya ajiye a kan tebur. Daga ƙasa direban ya danna hon sau biyu. Ya je bakin taga, ya yi ta kokawa da ita ta ƙi buɗuwa, sai da uwar ta zo ta sa yatsa biyu ta tura.

"Malam," ya ce da direban, "ku tafi kawai. Zan biya ku na yau."